Uku Cikin 5,440: Tarihin Farantin da Ke Tona Asirin MRSA

Ranar 14 ga Janairun 1961 mujallar likitocin Birtaniya, British Medical Journal, ta buga wata gajeriyar wasiƙa daga Patricia Jevons, mai bincike a ɗakin gwaje-gwajen gwamnati da ke Colindale, arewacin Landan. Can ne asibitocin ƙasar kan aika da ƙwayoyin cutar da suka samu a jikin majinyata domin a tantance nau'insu. A ƙarshen shekarar da ta gabata Jevons ta gwada samfura 5,440 na bakteriyar da ake kira Staphylococcus aureus, staf a taƙaice, da wani sabon magani mai suna metisilin, wanda kamfanin Beecham ya shigo da shi kasuwa da sunan Celbenin. Takanas aka ƙera maganin domin wannan ƙwaya, bayan ta gagari fenisilin. Uku daga cikin samfuran suka ƙi mutuwa. Dukkansu daga asibiti guda suka fito, a kudancin Ingila, kuma cikin mutanen da aka ɗebo su a jikinsu babu wanda aka taɓa ba shi maganin.

Waɗannan uku su ne mafarin abin da duniya ta sani yau da haruffan MRSA, wato staf mai bijire wa metisilin. Wani babban nazari da mujallar Lancet ta wallafa a 2022 ya ƙiyasta cewa bijirewar wannan ƙwaya kaɗai ta yi sanadin mutuwar mutum fiye da 100,000 a shekarar 2019. An saba ba da labarinta a matsayin tsere tsakanin masu ƙera magani da ƙwayar cuta. Akwai kuma wani labarin da ba a cika bayarwa ba, na yadda aka yi har likita ya iya sanin cewa ƙwayar da ke cikin ƙurjin majinyacinsa ta bijire. Bijirewa ba ta da kama. A ƙarƙashin madubin likita, staf mai jin magani da marar ji Hassan da Husaini ne. Hanyar da aka dogara da ita tun zamanin Jevons ita ce a shuka ƙwayar a faranti, a ciyar da ita, a kawo mata maganin, a kwana a ga abin da za ta yi. Sai kuma ta bayyana cewa ƙwayar ba ta faɗin gaskiya sai ga wanda ya iya tambaya, kuma an shafe fiye da shekara arba'in ana koyon tambayar.

## Gonar ƙwayoyin cuta

A 1880 wani likitan fiɗa a birnin Aberdeen na Sikotlan, Alexander Ogston, ya duba mugunyar ƙuraje a ƙarƙashin madubi, ya ga wasu ƙananan ƙwayoyi kewayayyu sun cure wuri guda kamar 'ya'yan inabi a reshe. Daga kalmar Girkanci ta curin inabi ya samo musu suna. A 1884 wani Bajamushe, Friedrich Rosenbach, ya raine su a wajen jikin mutum, ya lura cewa wasu kan fito da launin zinariya, wasu farare. Masu launin zinariyar ya kira aureus. Ita ce mai haddasa maruru da ƙuraje da ruɓewar rauni bayan tiyata, kuma idan ta shiga jini takan kama ƙashi, ko huhu, ko zuciya. Duk da haka kusan mutum ɗaya cikin uku na ɗauke da ita a hanci yana harkokinsa lafiya lau.

Da ba don wani sauyi da aka samu 'yan shekaru kafin nan ba, da Rosenbach bai ga launin ba. Da can a cikin romo ake rainon bakteriya, inda iri-iri ke cakuɗewa har ba a sanin wace ce wace. Robert Koch, a Berlin, ya gane cewa idan aka shimfiɗa su a kan abu mai tauri, kowace ƙwaya za ta tsaya inda ta faɗi, ta yi ta rabuwa biyu har zuriyarta ta zama ɗan gungun da ido ke gani, kuma duk abin da ke cikin gungun 'ya'yan uwa ɗaya ne. Ya fara da yankakken dankali, sannan ya koma ga jelatin, sinadarin nan da ke sa romon ƙafar saniya daskarewa idan ya kwana. Sai dai jelatin na narkewa a zafin jikin mutum, wanda shi ne zafin da ƙwayoyin cuta suka fi so, wasu bakteriyar kuma cinye shi suke yi.

Daga madafi mafita ta fito. Fanny Hesse, matar wani likita mai suna Walther Hesse da ya yi aiki a ɗakin binciken Koch, ita ke dafa wa mijinta romon da yake rainon ƙwayoyi. A 1881 ta ba shi shawarar ya gwada agar, wani abu da ake samu daga ciyawar teku, wanda take daskarar da kayan zaƙi da shi a lokacin zafi. Agar ba ya narkewa sai zafi ya kai wajen digiri 85 a ma'aunin Salshiyas, kuma yawancin bakteriya ba sa iya cin sa. Koch ya ambaci agar a takardarsa ta 1882 kan ƙwayar tarin fuka, bai ambaci sunan matar ba. A 1887 wani mataimakinsa, Julius Petri, ya kawo ɗan faranti mai murfi da har yau ake kira da sunansa. Agar a cikin farantin Petri ita ce gonar, kuma a kanta duk sauran labarin ya gudana.

## Farantin da ya yi funfuna

Staf ce a cikin farantin da Alexander Fleming ya tarar ya yi funfuna a asibitin St Mary da ke Landan, a watan Satumban 1928, bayan ya dawo daga hutu. Kewaye da funfunar akwai fili fayau, inda gungun staf suka narke. Kowa ya san wannan a matsayin mafarin fenisilin. Abin da aka fi mantawa shi ne amfanin da Fleming ya fi yi da shi da farko na ɗakin gwaji ne. Yakan sa ruwan funfunar a agar domin ya danne ƙwayoyin da ba ya so, ya bar wata bakteriya mai wuyar raino, wadda fenisilin ba ya taɓawa, ta fito fili. Taken takardarsa ta 1929 ma ya ambaci wannan amfani. Ashe faranti ɗaya ya koyar da darasi biyu. Na farko, faɗin filin da magani ya share a agar ma'auni ne na ƙarfinsa a kan ƙwaya. Na biyu, ana iya mayar da abincin ƙwaya ya zama rariya, ya tare wasu ya bar wasu su wuce.

Da darasi na biyun George Chapman ya yi aiki a Amurka a 1945. Staf mazauniyar fata ce, ta saba da gishirin gumi, tana jure abin da sauran bakteriya ba sa jurewa. Chapman ya zuba gishiri kashi 7.5 cikin ɗari a agar, ya ƙara wani nau'in sukari mai suna manitol da wani rini ja mai sauya launi. Yawancin ƙwayoyi ba sa tsirowa a cikin wannan gishiri. Aureus kuwa takan tsiro, ta ci manitol, ta fitar da tsami, sai agar ɗin ya juye daga ja zuwa rawaya. Har gobe ana amfani da wannan faranti.

A daidai wannan lokaci fenisilin ya fara rasa ƙarfinsa a kan staf. Tun a 1940 Edward Abraham da Ernst Chain, a Oksfod, suka bayyana wani sinadari da wasu bakteriya ke fitarwa mai lalata shi. A 1944 William Kirby ya samo irin wannan sinadari a staf ɗin da aka ɗebo daga majinyata. A asibitin Hammersmith na Landan, Mary Barber ta riƙa ƙirge: a 1947 kashi 38 cikin ɗari na staf ɗin majinyatan asibitin sun daina jin fenisilin, a 1948 sun kai kashi 59. Ta kuma nuna cewa a cikin asibitin ake yaɗa su, daga wannan gado zuwa wancan. A shekarun 1950 wani nau'i mai zafi, wanda aka fara lura da shi a Ostireliya a 1953, ya zagaye ɗakunan haihuwa na ƙasashe da dama yana kama jarirai da masu jego. Domin wannan annoba aka ƙera metisilin, ta yadda sinadarin nan mai lalata fenisilin ba zai iya kama shi ba. Ko shekara biyu bai cika a asibitoci ba wasiƙar Jevons ta fito.

## Ƙwaya mai fuska biyu

Uku cikin dubu biyar ba yawa ba ne, don haka da farko ba a tayar da hankali ba. Amma da aka fara neman irinsu a wasu asibitocin, sai masu gwaji suka ci karo da abin da ya ɗaure musu kai. Ƙwaya guda, wannan ɗakin gwajin ya ce tana jin metisilin, wancan ya ce ba ta ji.

Dalilin shi ne, a yawancin nau'o'in MRSA, ko da yake kowace ƙwaya a gungun na ɗauke da makamin bijirewa, ƙalilan ne ke fito da shi sosai: ɗaya cikin dubu goma, wani lokaci ɗaya cikin miliyan. Su kuma waɗannan ƙalilan sun fi 'yan uwansu jinkirin girma. Mai duba faranti da sassafe zai ga fili ya share, ya rubuta cewa magani na aiki. Da ya ƙara haƙurin wasu sa'o'i, ya ɗaga farantin ya kara da haske, da ya ga ƙananan ɗige-ɗige kamar raɓa a tsakiyar filin. A jikin majinyaci, waɗannan ɗige-ɗigen su ne ke saura bayan magani ya kashe 'yan uwansu, su hayayyafa su cike gurbin.

Kuskure a nan nauyinsa ba ɗaya ba ne. In aka ce ƙwaya ta bijire alhali tana ji, an jawo wa majinyaci magani mai tsada, mai wahalar da jiki, ba tare da buƙata ba. In kuwa aka ce tana ji alhali ta bijire, an ɗora shi a kan maganin da ba zai yi masa komai ba, kwana biyu ko uku, cuta na ci a jininsa, likita kuma hankalinsa kwance domin takardar gwaji na hannunsa.

Sannu a hankali aka gano sharuɗɗan da ke sa ƙwayar ta fito da halinta. A 1964 Mary Barber ta nuna cewa ƙara gishiri a agar na sa bijirewar ta bayyana sarari. Ta rasu a hatsarin mota a shekarar da ta biyo baya. A 1968 wani mai bincike a Ostireliya, D. I. Annear, ya nuna cewa bijirewar ta fi fitowa idan aka rage zafin akwatin ɗumin da ake ajiye farantai zuwa digiri 30. Wannan ya zo da ban mamaki, domin an daɗe ana saita akwatin a digiri 37, zafin jikin mutum, ashe a wannan zafin ƙwayar kan ɓoye halinta. Daga nan ƙa'idoji uku suka kafu: a ƙara gishiri, kada zafi ya wuce digiri 35, kuma kada a yanke hukunci sai faranti ya cika sa'a 24.

## Mudu ɗaya ga kowa

A kasuwar da kowane mai awo ke da nasa mudun, ba a sanin farashin hatsi. Haka gwajin jin magani yake a shekarun 1950: kowane asibiti da irin agar ɗinsa, da yawan maganin da yake sawa, da yadda yake fassara sakamako. A 1966 wasu masana huɗu a Jami'ar Washington da ke Seattle, Bauer da Kirby da Sherris da Turck, suka wallafa hanyar da ta zama mudun duniya. Kirby ɗin nan shi ne na 1944.

Ga yadda take. A narka gungun ƙwayar a ruwan gishiri har ya yi wani gurɓi ƙayyadajje, a shafe fuskar agar da shi, agar mai kaurin milimita 4. A ɗora ƙananan faya-fayen takarda, kowanne an jiƙa shi da sanannen adadin magani ɗaya. Cikin dare maganin na naso daga takardar zuwa cikin agar, yana raguwa gwargwadon nisa, ƙwayar kuma na girma ko'ina ban da inda maganin ya fi ƙarfinta. Da safe a sa rula a auna faɗin da'irar da ta share, a duba jadawali. Agar ɗin da suka zaɓa kuwa John Howard Mueller da Jane Hinton ne suka haɗa shi a Jami'ar Harvard a 1941, domin rainon ƙwayoyin sanƙarau da na ciwon sanyi. Hinton daga baya ta zama ɗaya daga cikin baƙaƙen mata biyu na farko da suka zama likitocin dabbobi a Amurka.

Mudu ma yana buƙatar a riƙa duba shi. Shi ya sa ɗakin gwaji na ƙwarai ke ajiye wata ƙwaya da aka riga aka san halinta, a riƙa gwada ta tare da na majinyata a matsayin zakaran gwajin dafi. In da'irarta ta kauce daga abin da aka sani, to, matsala na ga agar ko takardar magani ko akwatin ɗumi, kuma ba a sakin sakamakon ranar. Wadda aka fi amfani da ita a wannan gwaji, mai lamba ATCC 25923, an ɗebo ta ne daga wani majinyaci a Seattle a 1945, kuma zuriyarta na nan a firjin ɗakunan gwaji a faɗin duniya.

Shi kansa metisilin bai daɗe a gwajin ba. Ba ya jure ajiya, sai aka maye gurbinsa da ɗan uwansa oksasilin, aka kuma tanadi faranti na musamman: agar mai gishiri kashi 4 cikin ɗari da oksasilin maikirogiram 6 a kowace mililita. Duk staf ɗin da ta tsiro a kai bayan sa'a 24 abar tuhuma ce. Yau an daina ƙera metisilin ma gaba ɗaya, sunansa kawai ya saura a cikin haruffan MRSA.

## Maginin da magani bai sani ba

An shafe shekara ashirin ana gano MRSA a faranti kafin a san sirrinta. Bakteriya na da ganuwa da ke riƙe da jikinta, tana kuma da wasu furotin da ke aikin magina. Fenisilin da danginsa kama maginan suke yi su ɗaure, sai ganuwar ta tsage, ƙwayar ta fashe. A farkon shekarun 1980 aka nuna cewa MRSA na da wani ƙarin magini, PBP2a, wanda waɗannan magunguna ba sa iya kamawa da kyau, don haka gini na ci gaba ko an ɗaure sauran. A 1986 aka ware ƙwayar gadon da ke samar da shi, wadda ake kira mecA. Wannan ya bayyana dalilin da ya sa MRSA ke bijire wa kusan duk dangin fenisilin a lokaci guda.

Sanin sirrin ya gyara tambayar. A farkon shekarun 2000 masu bincike a Faransa suka nuna cewa wani magani dabam, sefoksitin, ya fi oksasilin tunzura ƙwayar ta fito da maginin nata na ɓoye. Da takarda mai maikirogiram 30 na sefoksitin, ba sai an ƙara gishiri ba, kuma gefen da'irar kan fito sarari. Bisa ƙa'idar da ake bi yanzu, da'ira mai faɗin milimita 21 ko ƙasa da haka MRSA ce, mai milimita 22 ko sama kuwa ba ita ba ce.

A daidai wannan lokaci buƙatar asibitoci ta sauya. Ban da gwada mugunyar maras lafiya, suna so su san wanda ke ɗauke da MRSA a hanci tun kafin a kwantar da shi kusa da wanda aka yi wa tiyata. Holan ta daɗe a kan haka tun shekarun 1980: majinyacin da aka kawo daga asibitin wata ƙasa keɓe shi ake yi har sai gwaji ya wanke shi, kuma ƙasar na cikin masu ƙarancin MRSA a Turai. Amma tsinken audugar da aka shafo daga hanci na zuwa da ƙwayoyi iri-iri, kuma tace su ta tsohuwar hanya kan ci kwana biyu zuwa uku. Gishirin ma da aka dogara da shi ya nuna iyakarsa: a 1997 aka gano cewa gishiri mai yawa na danne EMRSA-16, ɗaya daga cikin nau'o'in da suka fi yaɗuwa a asibitocin Birtaniya a lokacin, wato rariyar na tare abin da ake nema.

Sai aka koma ga launi. Bisa dabarar da wani Bafaranshe, Alain Rambach, ya soma a kan wasu bakteriyar, aka haɗa agar mai ɗauke da maganin da ke hana staf mai jin magani tsirowa, da wani rini marar launi wanda ba ya bayyana sai aureus ta tsinka shi da sinadarinta. Cikin sa'a 18 zuwa 24 gungun MRSA kan fito da launinsa, ruwan hoda ko kore ko shuɗi, gwargwadon kamfanin da ya haɗa farantin. Ingila, wadda ta ƙirga MRSA a jinin majinyata kusan 7,700 a shekarar 2003 zuwa 2004, ta fara gwada duk wanda aka shirya kwantarwa daga 2009. Haɗe da tsananta wanke hannu da kula da robar da ake sa wa majinyata a jijiya, adadin ya sauko ƙasa da 1,000 cikin shekara goma.

## Madara da bushiya

Daga tsakiyar shekarun 2000 na'urorin PCR, irin GeneXpert da muka sani a cibiyoyin gwajin tarin fuka, suka fara gano MRSA cikin sa'a ɗaya ko biyu ta hanyar neman alamominta na gado kai tsaye, ba tare da jiran ƙwaya ta girma ba. Mutane da yawa sun zaci zamanin faranti ya zo ƙarshe.

A 2007 wasu masu binciken ciwon hantsar shanu a Jami'ar Kambirij, ƙarƙashin Mark Holmes, suka samu wata staf a madarar wata gona a kudu maso yammacin Ingila. A faranti ta bijire ƙarara. PCR kuwa ya ce babu mecA a jikinta. Da aka karanta ƙwayoyin gadonta gaba ɗaya, sai aka tarar tana ɗauke da wata 'yar uwar mecA wadda kamarsu ba ta wuce kashi 70 cikin ɗari ba, shi ya sa na'urar ba ta gane ta ba. Aka wallafa binciken a 2011, daga baya aka sa wa sabuwar suna mecC. Da aka koma ga ƙwayoyin da aka ajiye daga jikin mutane a Birtaniya da Denmak, sai ga ta a cikinsu, har da wani samfuri na 1975. PCR na neman abin da aka riga aka koya masa ne. Faranti kuwa halin ƙwaya yake nunawa, ko an san dalilinsa ko ba a sani ba.

Akwai wata fa'ida kuma: abin da ya tsiro a faranti rayayye ne, ana iya busar da shi a ajiye. A 2017 masu bincike suka karanta ƙwayoyin gadon tsofaffin samfuran MRSA 209 da aka adana tun daga 1960, suka lissafa cewa staf ta sami mecA ne tun tsakiyar shekarun 1940, kimanin shekara 14 kafin a fara amfani da metisilin. Yawaitar fenisilin ce ta raine ta. Wannan ya warware abin da ya ɗaure kai a wasiƙar Jevons, na mutanen da ba su taɓa karɓar maganin ba. A 2022 kuma mujallar Nature ta wallafa binciken da ya bi sawun mecC har zuwa bushiya. A Denmak da Suwidin an sami MRSA mai mecC a jikin bushiyoyi har kashi 60 cikin ɗari, domin a fatarsu akwai wata funfuna mai fitar da dangin fenisilin, kuma staf ɗin da ke zaune tare da ita ta sami kariya tun ƙarni na 19, kafin a haifi Fleming. Bijirewar ta riga maganin zuwa. Abin da ya zo a makare shi ne hanyar ganin ta.

## Inda farantin bai kai ba

Nazarin nan na Lancet ya ƙiyasta cewa a 2019 bijirewar bakteriya ga magunguna ta kashe mutum miliyan 1.27 kai tsaye, kuma yankin da ya fi kowane asara gwargwadon yawan jama'arsa shi ne Afirka ta Yamma, da mutum 27.3 cikin kowace 100,000. Ƙiyasi ne da aka gina a kan bayanai ƙalilan, kuma dalilin ƙarancinsu sananne ne. Wani bincike da Hukumar Daƙile Cututtuka ta Afirka da abokan aikinta suka fitar a 2022 ya duba ƙasashe 14, har da Najeriya da Ghana da Kamaru, ya tarar cewa cikin ɗakunan gwaji kusan 50,000, kashi 1.3 cikin ɗari ne kawai ke rainon bakteriya.

Inda ake yi ma, duk sharuɗɗan da tarihin nan ya tara suna nan suna jira. Akwatin ɗumi na gama-gari ɗumamawa kawai yake yi, ba ya sanyayawa. A Sakkwato ko Maiduguri ko Damagaram, a watan Afrilu, inda zafi kan wuce digiri 40, ba zai iya riƙe 35 ba sai ɗakin na da na'urar sanyaya iska da wutar da ba ta yankewa. Takardun magani kuwa firji suke so. In zafi da laima suka raunana su, da'ira za ta ƙanƙance, a ɗora wa ƙwaya mai jin magani laifin bijirewa. In ba a ajiye zakaran gwajin dafi ba, babu mai sanin an kauce. Najeriya ta fitar da tsarinta na ƙasa kan wannan matsala a 2017, kuma sa ido ta hanyar ɗakunan gwaji na cikin ginshiƙansa. Amma sa idon na farawa ne daga abubuwa irin waɗannan: lantarki, firji, agar mai kyau, da ma'aikacin da aka horar.

Lamarin ya shafi mai maruru da ya tsaya a kyamis ya sayi Ampiclox. Rabin wannan ƙwaya kuloksasilin ne, ɗan gidan su metisilin, ɗaya rabin kuma ampisilin. In MRSA ce a ƙurjin, babu ɗayansu da zai taɓa ta. Akwai wasu magunguna, ciki har da masu sauƙin kuɗi, da kan yi aiki a kan wasu nau'o'in MRSA, amma faranti ne kaɗai zai faɗi wanne. Mutumin da ya riga ya sha magani kwana uku kafin ya je asibiti kuma ya rage wa farantin damar tsirar da komai, shi ya sa ake so a ɗebi samfuri kafin a fara magani.

Saboda haka idan likita ya ɗebi mugunya ko jini ya ce a dakaci sakamako kwana biyu ko uku, ga abin da ke gudana a bayan ƙofa. Daren farko ƙwayar na rabuwa, kusan duk rabin sa'a, har ta zama gungun da ido zai gani. Washegari a tabbatar aureus ce, a shafa ta a sabon faranti, a ɗora takardar sefoksitin da na sauran magunguna, a mayar akwati a digiri 35. Da safiya ta biyu ma'aikaci ya ɗauko rula ya auna. Ko 21 ya karanta ko 22, daga nan likita zai san maganin da zai rubuta.